Kafin Ƙarfe Goma

"Lamba saba'in da huɗu, taga ta uku!"

Eulogio Payares ya miƙe daga kujerar roba da jakar ledar takardunsa a hammata, ya ratsa tsakanin gwiwoyin mutane yana ba da haƙuri. Tun asuba ya baro ƙauye. Awa uku ya yi a kan kogi, ya ƙara huɗu a wannan zaure na kamfanin inshorar lafiya da ke birnin Magangué, inda fanka biyu ke kwashe zafi daga wannan kusurwa suna kai wa waccan. Ya sunkuya dab da gilashin, ya tura takardun ta ƙasa, ya faɗi abin da ya kawo shi da murya ƙasa-ƙasa.

Yarinyar da ke bayan gilashin ba muguwa ba ce. Amma wanda ya ɗaura mata lasifika a bakin tagar nan, Allah ya isa tsakaninsa da marasa lafiya.

"Payares Eulogio. Na allurar testosteron ne, sinadarin ƙarfin maza, ko?"

Maganar ta cika zauren. Mata biyu suka daina fifita. Wani tsoho mai ledar fitsari a hannu ya washe baki.

"Kai, maigida! Da furfurarka? Ka bar wa yara fagen mana!"

Aka yi dariya. Eulogio bai waiwaya ba, sai dai kunnuwansa da suka ɗau zafi.

"An ƙi amincewa, Don Eulogio," in ji yarinyar, ta haɗa masa da "Don" ɗin girmamawa, idonta a kan kwamfuta. "Gwajin jininka na Disamba ya nuna sinadarin yana nan daidai. Lafiyarka ƙalau."

"'Yata, ai saboda allurar ne yake daidai. A Nuwamba aka yi mini ita."

"To ka gani."

"Me na gani?"

Ta ɗago kai a karon farko. "Ni abin da ke rubuce nake karanta maka. Kamfaninku na da an rufe shi, takardunsa ba sa aiki a nan. Mu ƙa'idarmu gwaji biyu ne da suka nuna sinadarin ya yi ƙasa. Kowanne a ɗebi jinin kafin ƙarfe goma na safe, ba ka ci komai ba, kuma tsakaninsu kada ya wuce kwana talatin. Daga nan babban likita ya sa hannu, sai kwamiti ya zauna."

Ya zaro wata takarda da ta tsufa har ta yi laushi kamar tsumma, ya manna ta a gilashi. Rahoton tiyatarsa ne na shekara tara da suka wuce.

"Karanta nan. An cire su. Duka biyun. Abin da aka cire ba ya tohowa."

"Na yarda da kai," ta ce, wannan karon ta rufe lasifikar da tafin hannu. "Amma na'ura ba ta karɓar labari, lamba take so. Ka jira maganin ya fita daga jikinka, sannan ka zo a gwada."

"Wato in je in kamu da ciwon in kawo muku."

Ta danna maɓalli, aka kira lamba saba'in da biyar.

* * *

A garinmu, Caño Hondo, kowa ya san ranar da jirgin ruwa mai dakon shanu ya matse Eulogio da bangon kwata, matsayar jirage. An san ƙugunsa ya karye wuri uku, an san ya yi wata huɗu a asibiti, an san tun daga nan yake ɗan ɗingishi. Abin da ba a sani ba shi ne sauran abin da likitoci suka cire: marainansa. Mutum biyu kaɗai suka sani. Ta farko Nelvis, matarsa a lokacin. Na biyu Cástulo, direban jirgin fasinja, wanda ya kwashe shi cikin jini ya kai shi birni, kuma shi ne uban baftismar 'yarsa Yarledis. Shi ya sa suke kiran juna compa.

Wancan karon ma sai da ya yi wata goma sha huɗu yana zarya kafin a amince masa da allurar. A cikin watannin nan ne ya zama wani mutum daban. Ya daina magana, ya daina dariya, sai ya zauna a bayan gida yana kallon kaji har rana ta faɗi. Nelvis ta yi haƙuri iyakar yinta, ba zan ɗora mata laifin da ba nata ba. Ranar da takardar amincewa ta fito, ta riga ta kwashe kayanta da yarinyar zuwa gidan uwarta. Bayan shekara biyu ta auri Wilfran mai shagon kayan masarufi a bakin dandali.

Allurar ce ta dawo da shi mutum. Sau ɗaya duk wata uku, nas ta soka masa ita a ɗuwawu, mai kauri kamar man ja, ya yi kwana biyu yana zama a karkace, shi ke nan. Naman jikinsa ya dawo ya riƙe karyayyen ƙugun. Ya koma rumfarsa ta gyaran injin jirgi a bakin kwata, yana ɗaga inji shi kaɗai ya ɗora a kan benci. Shekara bakwai da ɗoriya haka, har ya manta cewa ƙarfin nan na aro ne, daga wata taga ake ba shi.

Yanzu ga shi yana jiran ƙarfin ya tafi. Cikin Fabrairu bai ji komai ba, har ya fara tunanin ko jikin ya koyi yi da kansa. Cikin Maris zafin ya fara. Yana tsaka da kwance kafireto sai ya ji wuta ta taso masa daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya jiƙa shi sharkaf. Masunta da ke zaman hira a rumfar suka samu abin yi.

"Eulogio, irin wannan zufa ai ta surukata ce da ta daina haihuwa!"

"A sayo masa mafici da ɗan kunne!"

Yakan yi dariya tare da su, don in bai yi ba za su tono. Amma ranar da ya ji wata tsohuwar waƙa a rediyo hawaye suka zubo masa ba dalili, sai ya tura kai cikin murfin inji ya ce fetur ne ya shiga idonsa. Ya fara neman mutum ya kama masa kafin ya ɗaga inji. Daga baya sai mutum biyu. Da yamma yana dafa rogo ya soya kifi ɗaya, ya ci rabi, ya ba kare sauran. Gidan ba kowa sai shi da karen da ƙarar fanka, kuma kaɗaicin da ya yi shekaru yana zaune da shi lafiya, yanzu ya fara cin sa.

Akwai hanyar kai ƙara gaban alƙali, kowa ya san da ita. Amma sai an rubuta ciwon dalla-dalla, kuma mai buga irin waɗannan takardu a garinmu ƙanin Wilfran ne, wanda bakinsa ba ya riƙe ko ruwan sanyi. Eulogio ya gwammace jira.

Ranar goma sha huɗu ga Afrilu aka ɗebi jinin farko, ƙarfe tara saura kwata. Sakamakon ya fito ƙasa warwas. Ya riƙe takardar a cikin jirgi yana murmushi kamar wanda ya ci jarrabawa. Gwaji na biyu kuwa, kamfanin ya ba shi ranar Litinin, goma sha huɗu ga Mayu, rana ta talatin cif. Ya roƙi a matso da shi, aka ce babu gurbi.

* * *

Yarledis ta zo rumfar wata la'asar da kayan makaranta, ta haye kan wani tsohon tankin mai tana kaɗa ƙafafu.

"Papi, ka rame."

"Zafi ne."

"Zafi kowa yake ji. Kai kaɗai ya rame?" Ta zaro kati mai ruwan hoda daga littafinta. "Ga shi. Lahadi, sha uku ga Mayu. Coci da ƙarfe biyu, biki a zauren makaranta da ƙarfe huɗu. Mami ta ce a yi da rana don kada wuta ta ɗauke a kunyata."

Ya goge hannu sosai kafin ya karɓa. Bikin cikarta shekara goma sha biyar, ranar da yarinya ke zama budurwa a garinmu. Jiya-jiyan nan yake ɗora ta a wuya su je kallon kada a bakin rafi.

"Mami ta ce wai tunda Wilfran ne ya yi ɗawainiyar zaure da abinci, ya kamata shi ya canja mini takalmi ya yi rawar farko da ni. Na ce mata in haka ne a fasa bikin." Ta ɗaga haɓa, irin yadda uwarta take yi. "Wilfran ba shi da laifi, yana kyautata mini. Amma ubana ɗaya. Kai za ka durƙusa ka cire mini takalmin yara, ka sa mini mai tsini, mu yi rawar vals. Ka ji ko?"

"Na ji, 'yata."

"Kuma kada ka zo mini da baƙin mai a farce. Ka iya rawar ma kuwa?"

"Ni? Tambayi uwarki wa ya koya mata."

"Tashi in gani."

Ya tashi. Suka yi zagaye biyu a tsakanin injuna, tana ƙirga ɗaya, biyu, uku, tana dariya. A na uku ƙasa ta juya masa, ƙugun ya saki, ya dafa benci. Ya ce mata sifana ya taka. Ta dubi ƙasa, babu sifana.

Cástulo yana daga bakin kwata yana wanke jirginsa, ya ga komai. Bayan kwana uku sai ga shi a gidan Eulogio da rana tsaka, da ƙaton cikinsa da hularsa ta kaba, ya ajiye wani ɗan kwali a kan tebur.

"Kada ka tambaye ni yadda aka yi. Akwai mai kantin magani a birni da na taɓa tsamo ɗansa daga ruwa."

Eulogio ya buɗe. 'Yar kwalba ce, ruwan cikinta kalar zuma. Ya san ta kamar yadda ya san tafin hannunsa. Ya kuma san kuɗinta ya kai abin da yake samu a wata guda, shi ya sa bai taɓa tunanin saye ba.

"Compa, me ka sayar?"

"Na ce kada ka tambaya. Kwana goma sha tara ya rage a yi bikin. In matata ta soka maka ita yau, kafin ranar ka miƙe kamar bijimi. Ta iya allura, aladunmu duk ita ke yi musu."

"In na yi ta yau, jinin Litinin zai fito lafiya ƙalau."

"To sai me?"

"Sai su ce ba ni da ciwo. In koma farko. Wata huɗu na yi ina tara wannan ciwon, compa. Saura gwaji ɗaya."

Cástulo ya cire hula ya sosa sanƙonsa. "Kai ka ji kanka kuwa? Kana tara ciwo, kamar mai kiwon alade na Kirsimeti. Yarinyar nan sau nawa za ta cika sha biyar?"

"Sau ɗaya. Ni kuma in suka rufe mini wannan ƙofar, sau nawa za ka tsamo ɗan mai kantin magani daga ruwa? Kwalba ɗaya wata uku ce. Bayan nan fa? Wa zai ɗaga inji? Wa zai biya mata makaranta?"

"Wilfran," in ji Cástulo, sannan ya yi nadamar faɗa.

Karen ya shigo ya kwanta a ƙarƙashin tebur.

"Rawa minti uku ce," Eulogio ya ce daga baya. "Minti uku zan iya. Ranar Litinin suna ɗibar jinin nan, a cikin jirginka za ka soka mini ita da kanka."

"Allah ya kiyaye in ga ɗuwawunka," in ji Cástulo, ya mayar da hularsa ya fita.

Kwana goma sha tara kwalbar ta yi a kan kantar bango kusa da hoton mahaifiyarsa. Kullum da safe sai ya ɗauke ta, ya ɗaga ta a hasken taga, ya mayar. Kullum da yamma yana rufe ƙofa ya kama tsintsiya ya yi atisayen rawa, yana ƙirga ɗaya, biyu, uku. Ya kai minti biyu da rabi. Abin da bai gwada ba ko sau ɗaya shi ne durƙuso, don bai taɓa zaton akwai wuya a ciki ba.

* * *

An ƙawata zauren makarantar da balan-balan masu ruwan hoda da fari. Ƙamshin shinkafa da kaza ya cika ko'ina, yara na zagaye teburin kek ana korarsu. Eulogio ya zo da farar riga mai dogon hannu da ya goge sau biyu. Farcensa kuwa ya sha lemon tsami da buroshi har ya yi ja. Nelvis ta gaishe shi da kai daga nesa. Wilfran ne ya zo ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Don Eulogio, yau ranarka ce. Ga kujerarka can gaba."

Da ma mugu ne, da Eulogio ya samu abin tsana ya jingina da shi. Amma mutumin kirki ne, kuma hakan ya fi ciwo.

Aka zaunar da Yarledis a kujera mai ado a tsakiyar zaure, rigarta ta baje kamar fure. Aka kawo takalmi mai tsini a kan matashi. Mai magana da lasifika ya kira uban yarinya, aka yi tafi. Eulogio ya taka a hankali, yana ɓoye ɗingishin, ya sauke gwiwa ɗaya ƙasa. Ya cire mata farin takalmin nan marar tudu, na hagu, sannan na dama. Ya sa mata sababbin, ya ɗaure maɗaurin. Ta sunkuyo ta raɗa masa, "Farcenka ya yi kyau, Papi."

Kiɗan vals ya tashi. Yarledis ta miƙe, ta yi tsawo a kan tsinin takalmin, ta miƙo masa hannu.

Ya ce wa ƙafarsa ta tashi, ta ƙi. Ya dafa ƙasa ya sake yunƙurawa, ƙugun ya amsa da wani zugi da ya kai masa har wuya. A daidai lokacin wutar nan ta taso daga ƙirji. Ya ji gumi na gangarowa ta bayansa, farar rigar na mannewa da fata, balan-balan ɗin suka fara iyo a idonsa. Yarledis ta kama hannunsa ta ja, amma nauyinsa ya fi ƙarfinta, ga takalmin da ba ta saba ba, saura kaɗan ta faɗo masa. Wani daga baya ya ce, "Ya fara sha tun da rana ke nan!" Wasu suka yi dariya, wasu suka yi tsaki.

Wilfran da Cástulo ne suka ɗaga shi ta hammata suka kai shi kujera. Wata mata ta fara yi masa fifita da faranti. Kiɗan bai tsaya ba, don mai kiɗan bai san abin yi ba. Yarledis na tsaye ita kaɗai a tsakiyar zaure, hannunta ɗaya a ɗage, mutum ɗari suna kallonta. Nelvis ta dubi mijinta. Wilfran bai motsa ba, ya dubi Eulogio.

Eulogio ya dubi 'yarsa. Idonta ya cika, tana girgiza masa kai a hankali, tana nufin za ta jira. Ya san za ta jira har waƙar ta ƙare, ta tsaya nan ana kallonta, a yi ta labarin har ta tsufa. Sai ya ɗaga wa Wilfran hannu, ya nuna masa tsakiyar zaure.

Sun yi rawar da kyau. Wilfran ya iya, bai taka mata riga ko sau ɗaya ba. Eulogio ya kalla daga farko har ƙarshe, bai sunkuyar da kai ba, ya yi tafi tare da kowa. Sai da ya zo tafin ya lura ashe fararen takalman suna hannunsa, bai sake su ba tun da ya cire.

Bai jira kek ba. Ya fita ta ƙofar baya rana ba ta faɗi ba, yana gaya wa kansa abu ɗaya: gobe. Gobe aƙalla wannan kunyar za ta biya kuɗinta.

* * *

Jirgin Cástulo ya tashi biyar da rabi kamar kullum, da fasinja tara, yawanci mata masu kai cuku da kifi kasuwa. Eulogio ya zauna a baya kusa da inji, cikinsa babu ko kofi, kwalbar na aljihun rigarsa tare da sirinji. Babu wanda ya yi masa zancen jiya, kuma shirun ya nuna masa kowa ya ji.

Ruwan sama na makon ya cika kogin, ya kwaso kainuwa tsibiri-tsibiri. Wajen bakwai da rabi, saura tafiyar awa guda, injin ya yi wani kuka ya shaƙe. Cástulo ya ɗaga shi. Wata tsohuwar igiyar taru ce da ke ɓoye a cikin kainuwa ta naɗe farfela, ta karya ƙusar da ke riƙe ta. Ruwa ya fara jan jirgin baya. Cástulo ya ɗauki doguwar gora ya kafa a gaɓa, ya tokare da dukan nauyinsa.

"Compa, in na saki wannan sai dai mu tsinci kanmu a teku. Ga akwatin kaya nan."

Aikin minti goma ne. Eulogio ya yi shi sau ɗari, wani lokaci da sigari a baki. A kwance noti ɗaya, a zare farfela, a sa sabuwar ƙusa, a mayar. Ya kifa ciki a kan gefen jirgin, ya riƙe farfela da hagu, ya sa sifana da dama, ya murɗa. Notin ya yi tsatsa, ko gezau. Ya sake. Ya ɗiga masa mai, ya buga, ya sake. Hannun da ya san aikin yana nan, dabarar tana nan, ƙarfin ne babu. Takwas ta wuce. Jiri ya kwashe shi, ya kwanta a ƙasan jirgi har idonsa ya washe, ya koma. Takwas da rabi. Ya yanke igiyar da wuƙa zare-zare, yatsunsa na jini. Tara saura kwata.

"Matsa can," in ji wata murya. Doña Petrona ce mai kifi, mace mai damtse kamar taɓarya. Ta tattare siket ta durƙusa kusa da shi. "Kai riƙe fankar, nuna mini inda zan murɗa. Mazan yanzu sai suna."

Ta ɗora hannunta a kan nasa, suka danna tare. Notin ya yi ƙara ya saki.

"Ka gani? Da tun ɗazu ka yi magana." Ta dube shi da kyau, fuskarsa fari fat, ta sassauta murya. "Ungo biredi, ɗana. Yunwa ce ke damunka."

"Na gode, Doña. Ba zan iya ci ba sai an ɗebi jini."

Cástulo ya buɗe wa injin wuta har jirgin na tsalle a kan ruwa. Daga kwata Eulogio ya hau babur. Ya haura matakalar ɗakin gwaji yana jan ƙafa, ya tura ƙofa, ya miƙa takarda, ya fara naɗe hannun riga tun kafin a ce masa. Agogon bango ya nuna goma da minti goma sha huɗu.

Nas ɗin dattijuwa ce mai tabarau. Ta dubi takardar, ta dubi agogo, ta dubi yatsunsa.

"Don Eulogio, lokaci ya wuce."

"Jirgi ne ya lalace. Minti sha huɗu ne kawai. Ki rubuta goma saura biyar, don Allah. Ba wanda zai sani."

"Da da biro nake rubutawa, wallahi da na rubuta maka. Na'ura ce ke buga lokacin a jikin kwalba, daga nan ya tafi kai tsaye wurinsu. In na ɗiba, kwamiti zai yar da shi."

"Gobe fa? In kwana a bakin ƙofar nan."

"Gobe kwana talatin da ɗaya. Na farkon ya mutu." Ta cire tabarau ta murza ido. "Sai ka koma taga su ba ka ranar ganin ƙaramin likita, ya sake rubuta gwaji biyu. Ka yi haƙuri. Kai ne na uku a watan nan."

Ya tsaya da hannun riga a naɗe, jijiyar a fili, tana jira. Daga baya ya warware hannun rigar, ya ɓalla maɓallin, ya yi mata godiya.

* * *

Da la'asar suka iso Caño Hondo. Cástulo ya raka shi har ƙofar gida, abin da bai saba yi ba.

"To yanzu ai sai a yi ta. In kira matata?"

"In na yi, sai wata uku ko huɗu kafin ta fita daga jini. Na koma taga, sun ba ni ashirin ga Yuli. Jinin zai fito lafiya ƙalau."

"In ba ka yi ba fa?"

Cástulo ya jira, ya juya hularsa a hannu, ya tofar da yawu gefe, ya tafi.

A ƙarƙashin ƙofa an turo faranti rufe da takarda, da yankan kek mai ruwan hoda, tururuwa sun riga sun same shi. Babu wasiƙa. Ya san hannun da ya naɗe takardar, don Yarledis kaɗai ke lanƙwasa kusurwa haka. Tana can tana zaton giya ce, ko kuwa bai damu ba, kuma ba shi da bakin da zai gaya wa yarinya 'yar sha biyar gaskiyar.

Fararen takalman na kan kantar bango inda ya ajiye su jiya, kusa da hoton mahaifiyarsa. Na hagu ya ɗan cinye ta wajen diddige, tun tana ƙarama haka take taka ƙasa. Ya zaro kwalbar daga aljihu, ya ɗaga ta a hasken taga. Ruwan ya motsa a hankali, kalar zuma. Ya daɗe yana kallonsa.

Sannan ya sa kwalbar a cikin takalmin hagu, ya ninke sabuwar takardar ashirin ga Yuli mai lambar layi ya sa a na dama. Ya jawo kujera ya zauna yana fuskantarsu, ya kaɗe tururuwan, ya fara cin kek ɗin da yatsunsa masu ciwo.